Raya Fata A Tsakiyar Yaƙi: Darasi Daga Mutanen Falasɗinu

 

Darasinmu na wannan mako a kan fata ne, watau sa rai ga rahamar Allah a lokacin da ido ba ya hangen mafita. Malamai suna kiransa raja'u, kuma sun rarrabe tsakaninsa da guri. Imam Gazali ya buga misali da manomi. Wanda ya nemi ƙasa mai kyau, ya shuka iri, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa, sa'an nan ya zauna yana jiran falalar Allah, to wannan shi ne mai fata. Wanda kuwa bai yi wa shukarsa hidima ba, amma yana jiran girbi, guri kawai yake yi. Ke nan fata yana da aikin da ke tafiya da shi. Za mu duba wannan aiki ne a wurin mutanen Falasɗinu, domin a zamaninmu da wuya a sami jama'ar da aka jarraba da yanke ƙauna kamarsu.

MUMBARIN DA YA JIRA MASALLACINSA

A shekarar 1099 mayaƙan Turai suka ci birnin Ƙudus. Bayan shekara kusan saba'in, wajen 1168, Sarki Nuruddin Zanki ya tara gwanayen masassaƙa a birnin Halab na ƙasar Sham, ya ce su sassaƙa mumbari domin Masallacin Ƙudus, alhali kuwa masallacin ba ya hannun Musulmi, babu kuma wanda ya san ranar da zai dawo. Suka yi shi da katako mai daraja, suka yi masa ado da hauren giwa, aka ajiye shi a Halab. Nuruddin ya rasu a 1174 bai ga Ƙudus ba. Sai a 1187, bayan Salahuddin Ayyubi ya karɓi birnin, aka ɗauko mumbarin aka kafa shi inda aka yi shi dominsa.

Ya zauna a can shekara wajen ɗari takwas, har ranar 21 ga Agusta 1969, da wani mutumin Ostareliya ya cinna wa masallacin wuta, mumbarin ya ƙone. Amma da yake akwai hotunansa da guntayen da suka tsira, sai aka tara masu sana'a a ƙasar Jodan suka yi shekaru suna koyon irin wannan sassaƙa da ta kusa ɓacewa, har aka kafa madadinsa a 2007. Mai karatu ya riƙe wannan labari, gama duk abin da za mu faɗa nan gaba irinsa ne: mutum ya gyara abin da za a bukata ranar sauƙi, tun yana cikin tsanani.

HALIN DA AKA SHIGA

A 1948, sa'ad da aka kafa ƙasar Isra'ila, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kango. Wannan ita ce musibar da suke kira Nakba. A 1967 Isra'ila ta mamaye Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus da Zirin Gaza. Shi wannan ziri tsawonsa bai wuce kilomita 41 ba, mutanensa kuwa sun haura miliyan biyu, kuma tun 2007 aka yi masa ƙawanya. Bayan harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, sai yaƙi mafi muni ya auka wa Gaza. Ya zuwa Yuli 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙidaya mamata fiye da 60,000. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum tara cikin goma sun bar gidajensu, wasu ma sau da yawa. Aka sa hannu a kan tsagaita wuta a Oktoba 2025.

Falasɗinawa, Musulminsu da Kiristansu, suna da kalma ɗaya da suke siffanta zamansu da ita: sumudu, watau tsayuwar daka, mutum ya kafe a ƙasarsa, ya ci gaba da rayuwa ko da an so ya gaji ya tafi. Bari mu ga abin da ke cikin wannan kalma.

CIWON DA IDO BA YA GANI

Raunin harsashi kowa yana ganinsa. Akwai kuma raunin da ke cikin zuciya: yaro ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya riƙa zabura da dare, uba ya zama mai saurin fushi, uwa ta kasa barci. Tun a 2022, kafin babban yaƙin, ƙungiyar Save the Children ta ba da rahoto cewa yara huɗu cikin biyar a Gaza suna zaune cikin ƙuncin rai da baƙin ciki da tsoro.

Mutumin da ya fara tsayawa sosai a kan wannan ciwo a Gaza shi ne Dokta Iyad Sarraj. An haife shi a Bi'ir Saba'a, iyayensa suka yi gudun hijira da shi zuwa Gaza a 1948. Ya zama likitan ƙwaƙwalwa, kuma a 1990, ana tsakiyar boren farko da ake kira Intifada, ya kafa shirin kula da lafiyar hankali na jama'ar Gaza. Dabararsa ita ce a kai magani cikin jama'a maimakon a kulle marar lafiya a asibiti nesa da danginsa. Aka buɗe ƙananan wuraren duba mutane a birnin Gaza da Dairul Balah da Khan Yunus, aka horar da ma'aikata, aka riƙa bin yara da mata da fursunonin da aka sako bayan azaba, ana kuma wayar da kan iyaye da malaman makaranta. Ya rasu a Disamba 2013, aikin bai tsaya ba. Ko da yaƙin 2023 ya lalata gine-ginen shirin, ma'aikatansa, waɗanda su ma 'yan gudun hijira ne, sun ci gaba da bin mutane a sansanoni.

Wata likitar ƙwaƙwalwa daga Ƙudus, Dokta Samah Jabr, ta yi wani tsokaci mai ma'ana. Littattafan likitanci suna maganar firgitar da ke bin mutum bayan bala'i ya wuce, kamar sojan da ya koma gida yana jin tsoron abin da babu shi. Ita kuwa ta nuna cewa a ƙasarta bala'in bai wuce ba, yaron da ke tsoron jirgin sama gaskiyarsa ne, domin jirgin yana iya dawowa gobe. Saboda haka ƙwayar magani da hirar likita kaɗai ba su isa ba, sai an ƙarfafa gida da unguwa da makaranta, waɗanda su ne ke riƙe mutum.

To, a nan akwai gyara gare mu. Da yawa cikinmu in suka ga mai ƙuncin rai sai su ce imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa aljanu ne. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya kai shi har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai ya hana 'ya'yansa ɗebe ƙauna daga rahamar Allah. Baƙin ciki da fata sun zauna a zuciya ɗaya, zuciyar Annabi. Shi kansa Manzon Allah, shekarar da ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib, ana kiranta shekarar baƙin ciki, kuma bayanta ne aka yi tafiyar dare da shi zuwa Baitul Muƙaddas. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani irin kunun sha'ir, domin ta ji daga Annabi cewa yana kwantar da zuciya, yana rage baƙin ciki.

Malamanmu na da ma ba su ɗauki wannan ilmi baƙo ba. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum babu dalili, ya ce na biyun yana bukatar maganin jiki. Ya kuma ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar bukata. Kare hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa, tare da addini da rai da zuriya da dukiya.

ALLURA DA ZARE

Wanda aka raba da garinsu ba gida kaɗai ya rasa ba, yana iya rasa sanin ko shi wane ne. Shi ya sa iyalai da yawa har yanzu suke ajiye mabuɗan gidajen da suka bari a 1948, kaka ta bar wa jika, har ma an ɗora wani ƙaton mabuɗi a kan ƙofar sansanin A'ida kusa da Baitalami.

Matan Falasɗinu suna da wani ɗinkin ado da suke yi wa rigunansu, sunansa taɗriz, ɗan'uwan surfani. A da, da ganin rigar mace za a san garinsu: na Ramallah jan zare ne a kan farin yadi, na Baitalami ana sa masa zaren zinariya, kowane yanki da irin zanensa. Da aka rushe ƙauyuka, sai riga ta zama ita ce shaidar ƙauyen. A lokacin Intifada ta farko, da aka hana ɗaga tutar Falasɗinu, mata suka riƙa ɗinka launukanta a jikin rigunansu. Hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon ɗan Adam a 2021, kamar yadda ta sa hikaya, watau tatsuniyoyin da tsofaffin mata ke yi wa yara a daren hunturu, tun a 2008.

Amfanin wannan sana'a ya wuce ado. A 1965 wata mace mai himma, Samiha Khalil, ta kafa ƙungiyar In'ashul Usra, ma'ana farfaɗo da iyali, a garin Albira. Ta fara da 'yan mata kaɗan masu koyon ɗinki, daga baya ƙungiyar ta zama tana koyar da sana'o'i, tana riƙon marayu, tana ba matan ƙauye aikin taɗriz su yi a gidajensu a biya su, tana kuma tattara karin magana da al'adun gargajiya tana bugawa. Dubi abin da ya haɗu a nan. Matar da mijinta ya mutu ko yake kurkuku ta sami abin sa wa a bakin salati ba tare da roƙo ba. Ta sami 'yan'uwa mata da za ta zauna da su ta amayar da abin da ke cinta. 'Yarta kuma ta koyi zanen garin kakanninta.

ZAITUN DA TUKUNYAR WAKAFI

Kusan rabin ƙasar noman Falasɗinawa zaitun ne, itatuwa wajen miliyan 10. In lokacin tsinka ya zo, a watannin Oktoba da Nuwamba, dangi da maƙwabta sukan fita tare, yau a gonar wannan gobe a ta wancan. Suna kiran wannan auna, mu kuwa gayya muka san ta. An ƙiyasta cewa tun daga 1967 an tumɓuke itatuwan zaitun wajen 800,000, amma manoma ba su fasa dasa sababbi ba, ko da yake zaitun yakan yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Wannan ya tuna mana da hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito, wanda ya umarci mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Alƙiyama ce ke shirin tsayawa.

A cikin tsohon birnin Ƙudus kuma akwai gidan ciyarwa na Khaski Sulɗan, wanda matar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta yi wakafinsa a 1552, kuma har zamaninmu ana ɗora tukunya a cikinsa ana raba wa mabukata. A birnin Khalil akwai irinsa mai sunan Annabi Ibrahim. Da yunwa ta yi tsanani a Gaza, irin waɗannan tukwane na unguwa, da suke kira takiyya, su ne suka riƙe dubban mutane. A farkon azumin 2025 duniya ta ga hoton mutanen Rafah sun jera dogon tebur tsakanin baraguzan gidajensu suna buɗa baki tare. Ai da kowa ya karɓi rabonsa ya koma tantinsa, cikin zai cika. Zaman taren kuwa wata yunwar yake kashewa. Shi ya sa da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su.

KARATU BA YA JIRAN GINI

Daga Janairu 1988 zuwa Afrilu 1992, wata 51 cur, hukumar soja ta rufe Jami'ar Birzeit. Malamai suka mai da darasi gidaje da masallatai da coci-coci. A cikin wannan hali ne, a 1989, aka kafa Cibiyar Tamer domin karantar da yaran da aka rufe wa makarantu, ta hanyar karatun littattafai da sa yara su rubuta labarin kansu. A 2009 cibiyar ta sami babbar kyautar adabin yara ta Astrid Lindgren daga ƙasar Suwidin.

A Mayu 2021 bom ya rushe kantin littattafai na Samir Mansur a birnin Gaza. Mutane daga ƙasashe da dama suka tara littattafai fiye da 150,000, aka sāke buɗe shi a Fabrairu 2022. Yaƙin 2023 ya sāke taɓa shi, ya kuma raba yara fiye da 600,000 da makaranta. Nan ma sai malamai suka buɗe azuzuwa a cikin tantuna, masu haddar Alƙur'ani suka ci gaba da da'irarsu a sansanoni. Wannan ba abin mamaki ba ne ga garin da aka haifi Imam Shafi'i a shekara ta 150 bayan Hijira.

SHIN WASA YA DACE ANA MUTUWA?

Wani zai ce, ina amfanin ɗinki da tatsuniya da wasa ga wanda bom ke sauka a kansa? A Yuli 2011 yaran Gaza fiye da 12,000 suka taru a bakin teku, kowa riƙe da zaren jirginsa na takarda, suka sake su sama a lokaci ɗaya, har suka shiga littafin tarihin bajinta na duniya. Wannan bai ɗage ƙawanyar ba. Amma yaron da ya saba ɗaga kai sama don tsoro, ranar ya ɗaga kai don murna, kuma masana halin yara sun tabbatar cewa ta hanyar wasa da zane ne yaro ke fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa.

Sunna ma tana tare da wannan. A yaƙin Handaƙ sahabbai suna haƙa rami cikin yunwa da sanyi suna rera baitoci, Annabi yana amsa musu, kuma a nan ne ya yi musu bushara da Sham da Farisa da Yaman. Ya bar mutanen Habasha sun yi wasan masu a masallacinsa, Nana A'isha tana kallo. Ya tsaya ya rarrashi ƙaramin yaro, Abu Umair, don ɗan tsuntsunsa ya mutu. Sharaɗi dai shi ne kada a ƙetare iyakar shari'a.

Sai dai akwai gargaɗi. Kada ganin haƙurinsu ya sa mu ce ai su ba sa jin zafi, mu yi ta yabo muna naɗe da hannu. Mutane ne masu gajiya da kuka, cikinsu akwai waɗanda ciwon ya fi ƙarfinsu. Allura da zare ba za su maye gurbin abinci da magani da adalci ba. Abin da suke yi shi ne su riƙe mutum da mutuncinsa har adalcin ya iso.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mutanen nan ba bare ba ne gare mu. A bakin wata ƙofar Masallacin Ƙudus da ake kira Babul Majlis akwai unguwar Falasɗinawa 'yan asalin Afirka, jikokin alhazan da suka fito daga Nijeriya da Cadi da Sudan da Senegal, cikinsu har da Hausawa da Fulani da Barebari, suka zauna maƙwabtaka da masallacin. Ban da wannan, mu ma muna da namu 'yan gudun hijira da marayu da zawarawan da rikici ya bari.

Na farko, mu ci gaba da yi musu addu'a, mai hali kuma ya taimaka ta hannun amintattu. Na biyu, mu daina yi wa mai ciwon zuciya kallon mai raunin imani; a yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita, gama neman magani sunna ne. Na uku, in za mu taimaki wanda ya rasa gida, bayan buhun hatsi mu tuna da allon ɗansa, da sana'ar hannun matarsa, da filin da yara za su yi wasa. Na huɗu, mu raya wakafi da gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyar, kowa ya tambayi kansa, wane mumbari yake sassaƙawa yau don ranar da watakila ba zai gani ba?

Allah ya yaye wa mutanen Falasɗinu, ya jiƙan mamatansu, ya warkar da raunukansu na fili da na ɓoye, ya ba duk wanda aka zalunta mafita, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.